Layi Uku a Bango

Kullum da la'asar 'yan unguwarmu kan taru gaban allon bango, mu yi wasan zane da wata na'ura mai ido da murya; tsakaninmu da ita, wanda ya riga faɗin sunan zane shi ya ci. Dokar ɗaya ce: duk zanen da aka faɗi sunansa ya zama na na'urar, mutum ba ya sake zana shi.

Yau hannuna ya ja layi uku a karkace, ban yi niyya ba.

"Ruwan sama?" in ji na'urar. "Kunyoyin gona?"

Yaya Asabe ta gane. Tsagar kuncin marigayiya Innarmu ce.

"Asabe, faɗi mu ci mana," in ji maƙwabciyarmu.

"Ban san shi ba."

Aka cinye mu. Amma yatsun Yaya sun riga sun kai kuncinta, idon na'urar kuwa yana juyowa wajenta a hankali.