Babban Ɗan Mamaci

Tun hantsi ake tonon kabarin, har rana ta take tsaka ba a kai ga Tsoho ba. Khiem ya jingina da shebur, ya share zufa da bakin farin ƙyallen da ke ɗaure a goshinsa. Ƙyallen ya daina zama fari tun bara, mai shi ma duk ya koɗe.

Shekara uku ke nan yana makoki, don a Phan Thiet, garin masunta a bakin teku, babban ɗa ba ya tsallake wannan. Ba ya zuwa biki, ba ya sa riga mai launi, ba ya zama inda ake kiɗa, aure kuwa ko a mafarki. Yau za a fito da ƙasusuwan, a wanke, a kai ɗakin bautar masunta. In sun bushe tsaf, ya sauke ƙyalle. In da sauran nama a jiki, a mayar da yashi, ya ƙara shekara.

Abin da ke ci masa rai shi ne, kowa a garin yana da labarin alherin Tsoho. Wane ya ce shi ya tallafe shi ranar da guguwa ta kife masa jirgi, wane ya ce shi ya rako shi har gaɓa. Khiem kuwa ko sannu ba ta taɓa haɗa su ba. Bai san shi da rai ba, da gawarsa kawai ya gana, amma duk ɗawainiyar a wuyansa ta faɗo. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa.

Bayan igiyar da aka kewaye wurin da ita, masu yawon buɗe ido sun yi layi, wayoyi a sama. Jagoransu mai 'yar tuta yana jera musu abin da ya rage: daga nan sai tudun jan yashi, sai tsohuwar hasumiya, sai kasuwar kifi. An dai samar wa makokin Khiem gurbi tsakanin karin kumallo da hawan yashi.

Duyen, mai tuyar wainar shinkafa da jatan lande a ƙofar ɗakin bautar, ta sunkuyo ta ƙarƙashin igiyar da kofin shayi. Ita ce ya yi wa alkawarin aure wata ɗaya kafin rasuwar.

"Sha, Yaya Khiem. Ka fi na cikin ramin kama da gawa."

"Yau dai za a gama."

"A gama ko kar a gama, yayata ta samo mini aiki a birnin Saigon, motar gobe da hantsi zan bi. In ban ga kawunka da farantin neman aure a ƙofar Inna kafin nan ba, shi ke nan." Ta karɓi kofin ba ta dube shi ba. "Na fara furfura a bakin murhu. Da ka iya barcin safe kamar mutane, da yanzu goyo nake."

Ya sake ɗaukar shebur ɗinsa, don gaskiya ta faɗa.

Can shebur ɗin wani ya daki abu mai tauri, kowa ya yi tsit. Baba Sau, dattijon ɗakin bautar, ya gangara cikin ramin ana riƙe da shi. Ya kankari ƙashi da farce, ya shinshina, ya sake kankara a wani gefen, ya ɗauki lokacinsa kamar mai sayen kankana. Khiem ya matso bakin ramin.

"Ya bushe," in ji dattijon.

Wankin ya ci tulu bayan tulu na giyar shinkafa, kuma babban ɗa ne ke gogewa, har kafaɗunsa suka daina jin umarni. Da la'asar aka ɗauki Tsoho da ganguna da waƙar masu tuƙi, aka ajiye shi a gefen waɗanda suka riga shi. Baba Sau ya kwance ƙyallen da hannunsa, ya jefa a wutar turare.

"Ka sauke nauyi, ɗana. Jeka ka yi aure tun gwiwa ba ta ƙi ba."

Washegari tun da duku-duku Khiem ya sa shuɗiyar rigar da ta daɗe a ƙasan akwati, ya rungumi faranti lulluɓe da jan ƙyalle, ya nufi gidan kawunsa. Motocin baƙi da rumfunan biki sun toshe titin unguwar, shi kuwa ba shi da lokacin kewaye, sai ya yanke ta bakin teku. Ba kowa a kan yashin. Har ya kama kansa yana fito.

A bayan duwatsu ya hangi wani abu baƙi, ruwa na lasarsa yana komawa. Fiton ya tsaya. Ya roƙi duk abin da ya san ana roƙo ya zamana jirgi ne ya kife. Ya ƙara taku kaɗan, ya ga ba jirgi ba ne.

Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya fara ja da baya a hankali. Sai ga tsofaffin mata masu tsintar kumba sun ɓullo da kwandunansu daga kan tudu. Ta gaba ta dubi abin, ta dubi sawun da ke kan jiƙaƙƙen yashin, sawun mutum ɗaya tak, ta ajiye kwando ta durƙusa.

"Ayya, Khiem. Yau ma kai ka riga kowa?"

Farantin ya yi masa nauyi, ya zauna da shi a kan yashi.

Teku ya sake turo wani Tsohon, ƙaton kifin nan mai feso ruwa ta ka, mai ceton masunta, kwance matacce, kuma a garin nan duk wanda ya fara ganin gawarsa shi ne babban ɗa.