Muryar Lantana

Tun da Lantana mai karanta labarai ta sa hannu a sabuwar yarjejeniyar kamfanin talabijin na ƙasashen waje, muryarta ta zama tasu. Suka ɗaura mata siririn zare a wuya, suka hana ta magana bayan tashi daga aiki.

Ranar Laraba ta je asibiti duba mahaifiyarta, wadda ta makance.

"Wane ne?" tsohuwar ta tambaya tana lalube. "Lantana ce?"

Lantana ta shafa zaren wuyanta. Ta tuna abokin aikinta Ɗanjuma, wanda ya yi wa jaririnsa huɗuba bayan tashi daga aiki. Zaren wuyansa ya yi zafi, kamfani ya karɓe muryarsa, yanzu ko tarinsa ba a ji.

Ta sunkuya ta raɗa, "Ni ce, Inna."

Zaren ya fara ɗumi.

"Ban ji ba, 'yar nan. Ɗaga murya."