Daddawar Gwaggo Tabawa

Tun da aka kafa dokar gwajin abinci, ba a sayar da komai a kasuwa sai ya bi ta rumfar awo. Gwaggo Tabawa, wadda ta shekara arba'in tana sana'ar daddawa, ta kai kwandonta da hantsi.

Malam Isiyaku mai gwaji ya gutsuri kaɗan ya jiƙa a ruwa zalla, don an daina gwaji da magunguna masu guba. Na'ura ta karanta sinadaran gina jikin da ke ciki, kwamfuta ta yi lissafi, sai jar fitila ta kama.

"Gwaggo, ta ce wannan ba daddawa ba ce."

"To mece ce, ɗan nan? Ai tawa suka ɗiba shekara ashirin baya suka koya mata!"

Ya sunkuyar da kai. "Na sani. Zafin yanayi ne ya canza ɗorawar, na'urar kuwa tsohon ɗanɗanon ta riƙe. Ta kamfani kaɗai ke wucewa yanzu."

Ta rufe kwandonta ta koma gida, ta tarar 'yarta ta ɗora tukunyar kalwa ta kasuwa mai zuwa.

"Sauke ta, Saratu," ta ce. "Kashe wutar."