Abin da Ya Toshe Kwalbatin Wara

"Ku tono, kowa ya ga sakacin gwamnati!" in ji Malam Arzika, yana tsaye bakin kwalbatin unguwarsu a garin Wara.

Tun wani ruwa da guguwa da aka yi kwalbatin ya toshe, ruwa ya juya yana cin gindin katangarsa. Sau huɗu yana jan tawaga zuwa sakatariya kafin a turo ma'aikata.

Suka zura ƙugiya, suka jawo gurar kamun kifi, cunkushe da laka. Nan take ruwa ya wuce.

Matarsa Hansatu ta leƙo. "Malam, wagga ba gurar da ka kafa nan ba ce, ka ce maƙwabcinmu Altine ya sace?"

Altine ya yi gyaran murya daga cikin taro. "Ku ƙara tono, bayin Allah. Wataƙila akuyarsa da ya ce na sace ma tana ciki."