Ɓarawon Dawar Doki

Ana rabon wainar sadakar arba'in a Koki, likitan dabbobi ya yi sallama, yana neman Alhaji Ilu.

Alhaji ya fito. Tun saukar soja daga mulki ƙaninsa Ɗahiru ke kula masa da doki. Da dokin ya rame, Alhaji ya ce Ɗahiru ke sayar da dawar dokin, ya kore shi. Washegari mota ta kife da Ɗahiru a hanyar Zariya, ya rasu.

"Alhaji, gwajin DNA na kashin dokinka ya fito. Tsutsar ciki ce ke cinye abincinsa."

"Ni ban kai gwaji ba."

"Ƙaninka ne ya kawo mana har Zariya. Ya ce so yake Yaya ya san shi ba ɓarawo ba ne. Ina yake, in yi masa albishir?"