Lallen Mma Sala

Lallen ya yi ruwa, ta sani, amma ta ci gaba da shafa shi a tafin ƙafar Mma Sala. Tsohuwar ce ta nema. Ta ce ba za ta koma ga Ubangijinta da ƙafa fara fat kamar marar kowa ba.

Gidan jinyar yana bayan tashar motocin haya na trotro a unguwar Sofoline. Nan ake kawo waɗanda magani ya gaza a kansu, a rage musu zafi har sa'i ya yi. Ciwo ya riga ya cinye idon Mma Sala, ya bar mata kunne da baki.

"Ayishatu, hannunki ya yi kaushi. Wankin duk unguwar Zongo kike yi?"

"Sabulu ne, Mma."

Kullum amsarta gajeriya ce, murya ƙasa-ƙasa. Ranar da ta fara kawo koko ta zuba sukari, tsohuwar ta tofar. "'Yar da na haifa ta manta ba na shan zaƙi?" Ta ba da haƙuri, ta zagaya bayan ɗaki ta sha kuka.

Yau numfashin tsohuwar ya canza. Sista Afia, nas ɗin ɗakin, ta leƙo, ta dube su, ta ja ƙofa a hankali.

Mma Sala ta lalubo hannunta ta riƙe gam. "Ranar da kika fita na ce kada ki sake tako min gida. Bakin uwa ne, ina tsoron ya bi ki. Na janye. Na yafe miki duniya da lahira. Ni fa, kin yafe min?"

Gaskiya ta taso mata har maƙogwaro. In ta faɗa, tsohuwar za ta tafi da nauyin nan. In ta haɗiye, ita za ta ɗauka, ta je ta amsa gaban Allah.

"Na yafe miki, Mma."

Tsohuwar ta sauke ajiyar zuciya. Kafin la'asar Mma Sala ta cika, ƙafarta jawur.

Hamamatu, wadda duk kwanakin nan take amsa sunan Ayishatu, ta rufe mata ido, ta ɗauki tsintsiya da bokitinta a bakin ƙofa, ta koma sharar da aka ɗauke ta aiki dominta, tana roƙon Allah ya isar da yafiyar nan maƙabartar Tafo, inda Ayishatu take kwance tun azumin bara, ba wanda ya iya faɗa wa uwar.