Fara Ko Ja

Siddiƙa ta rasa dalilin da ya sa Zayyadu ya kira ta wurin masu sayar da motoci da rana tsaka. Tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan, nan gefen Arlit, aikinsa ya tsaya, bai sake yi mata zancen aure ba. Yau kuma ga shi yana ta zagaya wasu ƙananan motoci biyu.

"Farar nan ba ta shan esansi," in ji shi, ko kallonta bai yi ba. "Amma cikinta a ƙasa yake, sai dai kwaltar garinmu Damagaram. Jar kuwa ga shan mai, ga tsadar kayan gyara, amma yashin Arlit ba ya riƙe ta."

"To ni me na sani game da mota?"

"Ke za ki zaɓa."

Ta dubi wannan, ta dubi waccan, kanta ya ɗaure. Ya fa san ba za ta iya barin mahaifiyarta kwance a Akokan ba. Shawara yake nema, ko sallama yake yi mata?

Ta ce, "Farar ta fi maka sauƙi."

Sai yanzu ya ɗago ido.

"Na sani, Siddiƙa. Wadda za ki zauna a gabanta nake tambaya."